Ta Wace Ƙofa Ake Kwashe Gumin Talaka? Nazarin Marx a Ma'aunin Tarihin NEPU

Kusan duk abin da 'yan NEPU suka sha ɗauri da bulala a kansa a shekarun 1950 ya tabbata kafin jagoransu Malam Aminu Kano ya rasu a watan Afrilun 1983. An karɓe kotuna daga hannun sarakuna, an narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Najeriya, gidajen yarin En'e sun koma ƙarƙashin gwamnati, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba hakimai da mulkin kai tsaye, matan Arewa sun sami damar jefa ƙuri'a, sannan a 1979 gwamnoni biyu na PRP, magajiyar NEPU, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Jam'iyyar da ba ta taɓa kafa gwamnati ba ta ga buƙatunta suna zama doka ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka, a 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da yawa, wato abinci da lafiya da ilimi da muhalli, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a Arewa suke. Jikan manomin da aka shanya a rana a ƙofar dagaci saboda kuɗin haraji yau babu mai bin sa haraji, amma har yanzu hatsinsa ba ya kai shi wata kaka. Masu ganin aƙidar gurguzu ta mutu suna kafa hujja da wannan, suna cewa maganar gwagwarmaya tsakanin masu shi da marasa shi tun farko hayaniya ce kawai. Tsofaffin 'yan gwagwarmaya kuma suna cewa amana aka ci. A ganina duka biyun sun kauce hanya. Nazarin Karl Marx yana ɗauke da abu biyu da ya kamata a raba su, tambaya da alkawari. Tambayar ita ce: ta wace ƙofa ake kwashe abin da mai aiki ya samar, kuma wa ke tsaye a bakin ƙofar? Alkawarin kuwa shi ne jari-hujja da kansa zai haifi waɗanda za su kifar da shi. Tarihin Arewa ya gaskata tambayar, ya ƙaryata alkawarin, kuma abin da ya sami NEPU shi ne ta toshe ƙofar da ta gani, kwasar ta koma wata.

An haifi Marx a Jamus a 1818, ya ƙare rayuwarsa a gudun hijira a Landan, inda ya rasu a 1883. Abokinsa Friedrich Engels ɗan mai masaƙa ne, ya yi aiki a kamfanin auduga na gidansu a Manchesta, saboda haka abin da suka rubuta daga ganin ido ya fito. Ingilar da suka sani ƙasa ce da har a 1833 sai da majalisa ta yi doka domin hana ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara tara aiki a masaƙu, kuma sai 1847 aka taƙaita aikin mata da matasa zuwa awa goma a rana. A littafinsa kan jari, wanda juzu'in farko ya fito a 1867, Marx ya ce ba da yawan kuɗin aljihu ake gane ajin mutum ba, da matsayinsa a wurin samar da dukiya ake ganewa. Akwai masu mallakar ƙasa da injuna da jari, akwai waɗanda ba su mallaki komai ba sai ƙarfinsu. Ma'aikaci ɗa ne, ba bawa ba, babu mai sa masa mari, amma tunda ba shi da gona ba shi da kayan sana'a, dole ya sayar da ƙarfin nan ko ya kwana da yunwa. Mai jari yana biyansa abin da zai ishe shi ya rayu ya dawo gobe, alhali abin da hannunsa ke samarwa a yini ya fi haka. A ce cikin awa huɗu ya samar da kwatankwacin ladansa, to sauran awoyin rara ce, kuma daga rarar nan riba da kuɗin haya da kuɗin ruwa suke fitowa. Abin da na fi ɗauka da muhimmanci a nan shi ne Marx bai ɗora laifin a kan mugun halin mai masaƙa ba. Ko da mutumin kirki ne, in ya ƙi matse lada, abokin gasarsa zai matse, ya karya farashi, ya kore shi daga kasuwa. A zamanin bauta da na mulkin sarauta ana ganin hannun da ke ɗauka ƙiri-ƙiri. A jari-hujja hannun yana ɓoye cikin ciniki da aka yi bisa yardar kowa.

Daga nan Marx ya ɗora alkawarinsa. Manyan jari za su haɗiye ƙanana, masana'antu za su tara ma'aikata dubu-dubu a wuri guda su koyi haɗa kai, kasuwa za ta riƙa durƙushewa lokaci bayan lokaci, daga ƙarshe ma'aikata su karɓi mulki a ƙasashen da suka fi ci gaban masana'antu. Rabin wannan ya faru. Jari ya tattaru a hannu kaɗan, kasuwa ta durƙushe a 1929 da 2008. Sauran rabin bai faru ba. A Jamus, Bismarck ya haramta harkokin 'yan gurguzu a 1878, sannan tsakanin 1883 da 1889 ya kawo inshorar lafiya da ta haɗari da fansho domin ya janye ma'aikata daga gare su. A Ingila ƙungiyoyin ƙwadago suka sami ƙarin lada da ƙuri'a da jam'iyyar kansu, suka zaɓi gyara a kan juyin juya hali. Inda juyin ya auku, a Rasha a 1917 da ƙasar Sin a 1949, ƙasashen manoma ne da yaƙi ya ragargaza, kuma jam'iyya mai tsauraran dokoki ce ta karɓi mulki da sunan ma'aikata. Abin da ya biyo baya bai kamata mai son talaka ya yi masa kwaskwarima ba: miliyoyi sun mutu da yunwa a Tarayyar Sobiyet a 1932 da 1933 sakamakon tilasta wa manoma shiga gonakin gama-gari, wasu miliyoyin da suka ninka haka suka mutu a Sin tsakanin 1959 da 1961. A can ma hatsin manomi aka kwashe, sai dai jami'in jam'iyya ne ya tsaya a inda mai jari yake tsayawa. Tambayar Marx ta kama waɗanda suka yi mulki da sunansa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna ta fi alkawarinsa ƙarko.

Idan aka zo ƙasar Hausa bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, babu masaƙa irin ta Manchesta, babu tarin leburori marasa gona. Manomi yana da gonarsa da fartanyarsa da iyalinsa. A zahiri babu mai ɗaukarsa aiki, to ta ina jari-hujja zai taɓa shi? Ta haraji. Turawa sun bar sarakuna a kan karagarsu, suka yanka musu albashi daga baitulmali, suka mai da hakimi da dagaci da mai unguwa masu tara kuɗi, suka kuma ce da kuɗin Turawa za a biya, ba da wuri ko hatsi ba. Mai neman sule dole ya noma abin da kanti ke saye. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma yayin da Turawa ke sa ran auduga don masaƙun Lankasha, manoma suka lissafa suka ga gyaɗa ta fi musu, suka rungume ta daga 1912. Kamfanoni irin su John Holt, da UAC da aka kafa a 1929, suka riƙe bakin fitar da kaya, manyan attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka zama wakilansu na saye, a ƙarƙashinsu kuma akwai dillalai da 'yan baranda da masu sikeli, kowa da abin da yake gutsura. Lokacin karɓar haraji yana zuwa daidai da kaka, sa'ad da kowa ke kai kaya kasuwa farashi ya faɗi warwas, shi ya sa manomi ke sayarwa da araha, ya dawo da damina ya ci bashin hatsi da tsada. Da kasuwar duniya ta karye a shekarun 1930 farashin gyaɗa ya zube, amma haraji bai sauka daidai da shi ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka kwashi dubban magidanta ta hannun En'e zuwa aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos.

A 1949 aka ƙara wata hanyar, wato hukumar cinikin gyaɗa, wadda ta koma hannun gwamnatin Jihar Arewa a 1954. Ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, ita ke yanke farashin da za a biya manomi, kuma a yawancin shekaru farashin yana ƙasa da na kasuwar duniya. An ce rarar ajiya ce don shekarar da kasuwa ta faɗi. Gaskiya ne wani ɓangare nata ya tafi ga hanyoyi da makarantu da masana'antu, har masaƙar Kaduna ta KTL da aka buɗe a 1957 ta amfana, kuma ba adalci ba ne a ce duka cinye ta aka yi. Amma ba a taɓa tambayar manomi ba, kuma lasin ɗin sayen gyaɗa da rancen hukuma sun zama abin saka wa na kusa da mulki. Dalar gyaɗar Kano da ake bugawa a hotuna ana alfahari da ita, tarin rarar nan ce tana jiran jirgi. Ga mai neman gane aji a Arewa ta wancan lokaci, wannan ne mabuɗi: ba ta albashi aka kwashi dukiya ba, ta ofis aka kwashe ta. Wanda ke riƙe da rasit ɗin haraji da sandar ɗan doka da kujerar alƙali shi ne kasuwar duniya ke bi ta hannunsa ta isa ƙauye.

Wannan ne waɗanda suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950 suka gane, kuma a nan hikimarsu take. Takardar manufofinsu, wadda aka fi sani da Sanarwar Sawaba, ta faɗi a sarari cewa akwai gwagwarmayar aji a Arewa tsakanin 'yan tsirarun da suka mamaye En'e da kuma talakawa, cewa kowace jam'iyya muradin wani aji take wakilta, kuma talakawa ne da kansu za su 'yantar da kansu. Wannan magana ta ƙarshe jikanyar ƙa'idar da Marx ya rubuta wa ƙungiyar ma'aikata ta duniya ce a 1864. Malam Aminu, wanda ya yi karatu a Landan a 1946 zuwa 1947 ya kuma ajiye aikin koyarwa a Maru ya shiga siyasa gaba ɗaya, ya san tunanin 'yan gurguzun Ingila. Amma NEPU ba ta zauna jiran ma'aikatan masana'antu da babu su ba. Ta ɗauki tambayar ta aza ta a kan abin da ke gaban jama'a: kuɗin da dagaci ya ƙara a kan haraji, noman gandun hakimi ba lada, gaisuwar da ake kai wa kafin a ji ƙara, saniyar da aka ƙirga sau biyu a jangali, da zubewa ƙasa a cire takalmi in basarake zai wuce.

Akwai suka mai ƙarfi a nan, kuma daga ɓangaren 'yan gurguzun ma take fitowa. Suna cewa talakawa ba aji guda ba ne a ma'aunin Marx, domin duk wanda ba ya riƙe da sarauta talaka ne, daga ɗan dako har attajirin da ke da motocin haya. Sukar tana da gaskiya, amma ba ta rushe lissafin NEPU na wancan lokaci ba. Muddin ta ofis ake kwasa, to layin da ya raba masu ofis da marasa shi layi ne na gaske, kuma ainihin ƙashin bayan jam'iyyar ƙananan 'yan kasuwa ne da teloli da mahauta da maɗinka da malaman zaure da manoma, yayin da yawancin manyan attajirai suka ga maslaharsu tana tare da NPC, jam'iyya mai mulkin Arewa. Inda sukar ta ci ita ce gaba. Tela da attajiri suna iya haɗuwa a kan ƙin zaluncin ɗan doka, amma ranar da aka kawar da ɗan doka, ɗaya zai nemi kwangila, ɗaya zai ci gaba da neman abin cefane. Haɗin da aka gina a kan maƙiyi guda yana ɗauke da ranar watsewarsa.

Suka ta biyu ta fi ciwo: in talakawa sun fi yawa kuma NEPU tasu ce, me ya sa suka ƙi zaɓarta? A zaɓen tarayya na 1959 NPC ta sami kujeru 134, NEPU ta tashi da 8. Wani ɓangare na amsar danniya ce tsagwaronta. A 1951 NEPU ta yi ƙoƙari a matakan farko a Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, En'e na da ikon cusa mutanenta a matakin ƙarshe, kuma babu ɗan NEPU ko ɗaya da ya kai majalisa. Izinin yin taro a hannun En'e yake, alƙalin da zai yi wa ɗan adawa shari'a ma'aikacinta ne, kuma mutane irin su Hajiya Gambo Sawaba sun shiga kurkuku sau da dama. Amma danniya kaɗai ba ta bayyana komai ba. Manomin da ya jefa wa NPC ƙuri'a ba wawa ba ne. Dagacin da ke karɓar harajinsa shi ne ke raba gona, shi ne zai tsaya masa a gaban hakimi, attajirin da ke tauye masa mudu shi ne zai ranta masa hatsi a watan Agusta. NEPU tana yi masa alkawarin adalci wata rana, ubangida yana ba shi dawa yau. Marx da kansa, da yake nazarin manoman Faransa a 1852, ya lura cewa mutane na iya zama cikin hali iri ɗaya ba tare da sun zama ƙungiya mai murya ɗaya ba, domin kowa yana fama a gonarsa shi kaɗai. Wahala ba ta haɗa kan mutane da kanta. Sai an sami wanda ya bi ƙauye-ƙauye ya buɗe reshe, ya tara kuɗin kati, ya tsaya wa wanda aka kama, kuma ko an yi hakan ba tabbas.

Sai maganar addini, wadda NPC ta yi amfani da ita sosai, musamman bayan NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Kudu. Ba za a ɓoye ba, Marx bai yarda da Allah ba, gwamnatocin da suka yi mulki da sunansa sun rufe masallatai da majami'u, kuma Musulunci ya halatta mallaka da ciniki da gado, abin da gurguzu tsantsa ke neman shafewa. Wannan saɓani na gaske ne. Sai dai tambayar wa ya yi aiki, wa ya ci, ba Marx ya ƙirƙiro ta ba. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya riga ya bayyana cewa riba daga aikin ɗan Adam take fitowa, kuma haraji mai nauyi da shigar mai mulki cikin kasuwanci suna kashe ƙasa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali da sauran kuɗaɗen da ba su da tushe a shari'a cikin zaluncin sarakunan Hausa. Da wannan Malam Aminu ya riƙa ba da amsa, a tafsiri da kan dandamali, yana nuna wa masu tinƙaho da gadon jihadi cewa sun dawo da abin da aka yi jihadin don kawarwa. Abin da Marx ya ƙara shi ne bayanin yadda kwasar ke gudana ko da babu azzalumin da za a nuna da yatsa, kuma mai salla yana iya amfani da wannan bayani ba tare da ya taɓa imaninsa ba.

Wanda ke ganin kuskuren NEPU shi ne tsayawa ga ƙuri'a, ya dubi Nijar. Jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, wanda ɗan ƙwadago ne, ta kafa gwamnati a 1957 da goyon bayan ƙananan ma'aikata da direbobi da 'yan kasuwa a garuruwa irin su Maraɗi da Damagaram. Ta nemi a ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta Satumban 1958, Faransa ta juya mata sarakuna da ma'aikatan mulki, ta faɗi, aka haramta ta a 1959. A 1964 mayaƙanta, waɗanda wasunsu suka sami horo a Sin da Aljeriya da Gana, suka kutsa ƙasar da zaton jama'a za su tashi tare da su. Cikin makonni aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a, gwamnatin Diori Hamani ta ƙara tsananta. Bindiga ba ta samar da haɗin kan da babu shi.

Abin da ya canja komai a Najeriya man fetur ne. Kafin tsakiyar shekarun 1970 mai ya zama fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu daga waje, fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 kuma suka gama da dalar Kano. Gwamnati ta daina dogara da manomi. Soke haraji da jangali a 1979 sauƙi ne na gaske ga miliyoyin gidaje, kuma ya cire wa dagaci makaminsa mafi kaifi, amma ya yiwu ne a daidai lokacin da kuɗin ya zama ɗan ƙarami a kasafin jiha. Dukiya ta koma zuwa daga Legas a matsayin kaso, ana rabonta ta kwangila da lasin shigo da kaya da filaye, musamman bayan dokar mallakar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Wani sabon aji ya taso, na manyan ma'aikata da hafsoshi da 'yan kwangila, cikinsu har da 'ya'yan talakawa da suka yi boko. Bakolori ta nuna sabuwar fuskar abin. An gina dam a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara ta hannun kamfanin Italiya, aka karɓe gonaki, diyya ta yi ta jan ƙafa, manoma suka tare hanyoyin aikin, kuma a Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin da masu bincike suka ce mamatan sun kai ɗaruruwa. Babu hannun En'e a wannan, zaɓaɓɓiyar gwamnati ce da aikin raya ƙasa. A wannan shekarar PRP ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo. A Yunin 1981 majalisar Kaduna da jam'iyyar NPN ta mamaye ta tsige Balarabe Musa, wanda ta hana shi naɗa kwamishinoni tun farko, ranar 10 ga Yuli kuma aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa, a tarzomar da ta biyo bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarkin Kano. Ana ta fafatawa da fada a lokacin da babbar dukiya ta riga ta bar fada.

Ajin ma'aikatan masana'antu da Marx ya ɗora wa buri ya taso a Arewa, a Kakuri ta Kaduna da Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, da ƙungiyar ma'aikatan masaƙu mai ƙarfi wadda ta haɗa Musulmi da Kirista daga kowane sashe. Wannan ma amsa ce ga masu cewa a ƙasar nan ƙabila da addini ne kaɗai ke haɗa mutane ko raba su: inda aka yi aiki a inuwa guda aka karɓi albashi rana guda, an yi yajin aiki tare. Amma ajin bai girma ba, ƙanƙancewa ya yi. Shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, ya rushe hukumomin ciniki, rashin wuta da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwaurin atamfa suka ƙarasa sauran. KTL ta rufe a 2002, wasu suka bi ta, Kantin Kwari ya cika da yadin Sin. Jari-hujja a nan bai tara mutane a masana'anta ba, watsa su ya yi a titi. Alƙaluman hukuma sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba su da albashin wata ko takardar ɗaukar aiki. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da ƙungiyar ƙwadago ta samu a 2024 bai shafi mai ga-ruwa da ɗan cirani da mai tallan koko ba. A wasu ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato kuwa, haraji ya dawo ta hannun 'yan bindiga, waɗanda sai an biya su kafin a yi shuka ko girbi.

Ƙofar yau ita ce farashi. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 a 2024, dala kuma ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500. Ana iya gardama a kan ko gyaran ya zama dole, kuma tallafin kansa hanyar sata ce ga wasu. Abin da ba shi da gardama shi ne yadda nauyin ya rabu: mai ajiyar dala da mai gidaje da mai rumbun ɓoye hatsi dukiyarsu ta bi farashi ta hau, kason gwamnatoci a naira ya ƙaru, wanda kuwa ba shi da komai sai aikin yini ya ga kwanon masara ya yi masa nisa. Fushin tsadar rayuwa ya fito a Janairun 2012 da Agustan 2024, ya cika tituna, ya lafa ba tare da ya bar reshe ko shugabanci a unguwa ba. Ko inda ƙungiya take, dubi abin da take iya kamawa. Masu adaidaita sahu a Kano sun tsayar da gari cak a 2021 da 2022, ɗalibai da ma'aikata suka taka da ƙafa, kuma a kan kuɗaɗen da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA ta ɗora musu suka yi yajin. Wannan faɗa ne irin na NEPU, da rasit da ofis da jami'in da aka san sunansa, shi ya sa aka iya zama teburin sulhu. Amma kuɗin hukuma ƙaramin kaso ne na abin da ke fita daga aljihun direba a yini. Mafi yawa yana tafiya ga balas ɗin mai babur, ko biyan bashin babur da aka ba shi a kan farashin da ya zarce na kasuwa nesa, da gidan mai, da kayan gyara da ake shigowa da su da dala. Waɗannan ba su da ofis guda da za a yi wa zaman dirshan, wasu masu baburan ma tsofaffin direbobi ne 'yan ƙungiya ɗaya da shi, kuma farashin dala ana yanke shi ne a Abuja da Legas da kasuwannin da direban bai taɓa gani ba.